Na Je Kallon Maigidana A Dandamalin Bikin Edinbara

Duk wadda mijinta zai hau dandamali a bikin wasannin kwaikwayo na Edinbara, ko wanda matarsa ce za ta hau, ya kamata ya san abu ɗaya tun kafin ya fara haɗa kaya: shi ba ya cikin tawaga. A wajen masu ba da biza ɗan yawon buɗe ido ne, a bakin ƙofar ɗakin wasa kuwa ɗan kallo ne kamar kowa. Ba a ware masa kujera ba, ba shi da katin shiga, kuma babu wanda aka ɗora wa alhakin kula da shi. Da wani ya faɗa mini haka ƙarara tun farko, da an rage mini zulumi mai yawa. Shi ya sa na ga ya dace in zayyana yadda tafiyata ta kasance daki-daki, ko wata za ta samu sauƙi.

Sai an fara rarrabe bukukuwan, domin ba biki ɗaya ake yi ba a watan Agusta a babban birnin na Sikotilan. Akwai babban biki na ƙasa da ƙasa da aka fara a 1947, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda sai an gayyace ka za ka yi wasa a cikinsa. A shekarar ce wasu ƙungiyoyin wasan kwaikwayo guda takwas da ba a gayyata ba suka zo abinsu, suka nemi wurare a gefe, suka yi wasanninsu. Daga nan aka samu bikin da ake kira Fringe, wanda yanzu ya fi na farkon girma nesa ba kusa ba. A 2019 an yi wasanni sama da 3,800 a cikinsa, tikitin da aka fitar ya haura miliyan 3. Har yau babu kwamitin da ke zaɓen wanda zai shiga. In ka samu ɗakin da zai karɓe ka, ka biya kuɗinsa, ka yi rajista da ƙungiyar da ke kula da tsarin bikin, shi ke nan ka shiga. Nan tawagar maigidana ta nufa. Mai jin labari daga nesa zai ɗauka akwai wasu da suka aiko da goron gayyata, za su tarbi baƙi, su sauke su, har iyali su raɓa. Babu su. 'Yan wasan su ne baƙin, su ne masu masaukin kansu, kuma daga aljihunsu da na waɗanda suka tallafa musu ake biyan komai.

Tun farkon shekara suka fara neman ɗaki. Kafin bazara ta kankama sun sa hannu a yarjejeniya, sun biya kafin alƙalami, sun tura bayanin wasan domin ya shiga littafin jadawalin bikin. Daren da ya shigo da labarin an kammala, bayan mun yi hamdala na ce, "Abban yara, ni fa?" Ya ce, "Haba Uwargida, ai ƙafata ƙafarki." Da zuciya ɗaya ya faɗa, sai dai shi ma a lokacin bai san yadda lamarin takardu yake ba.

Ga yadda yake. Gwamnatin Birtaniya tana da jerin wasu bukukuwa da ta amince 'yan wasa su zo su yi wasa a cikinsu da bizar baƙi ta yau da kullum, ba sai sun nemi bizar aiki ba, kuma Fringe yana cikin jerin. Ƙungiyar bikin tana ba tawagar da ta yi rajista wasiƙar maraba, mai ɗauke da sunayen 'yan wasa da ma'aikatan da wasan ke buƙata, su haɗa da takardun neman biza. Sunan mata ko miji ba ya shiga, sai idan da gaske suna da aiki a wasan. Wani daga cikin matasan tawagar, don kyautatawa, ya ce, "Anti, ai sai a rubuta ke ce mai kula da kayan sawa." Daraktan ya ƙi, ni ma ban so ba, kuma ina jan kunnen kowa a kan wannan. Idan aka kama ƙarya a takardar neman biza ana iya hana mutum shiga ƙasar har shekara 10, ga kuma zargin da zai shafi sauran sunayen da ke kan wasiƙar. Ba ka rusa wahalar mutane ta wata da watanni saboda neman gajeriyar hanya.

Saboda haka na nemi tawa daban, a matsayin mai zuwa ziyara. A intanet ake cike fom ɗin, a can ake biyan kuɗi, kuma ba a mayar da kuɗin ko an hana ka. Ba a karɓar nema sai saura wata uku tafiya ko ƙasa da haka, amsa kuma yawanci tana ɗaukar kamar mako uku bayan an ɗauki hoton yatsu. Na haɗa fasfo, da takardar aurenmu, da bayanan asusuna na banki na watannin baya, da wasiƙa daga wurin aikina mai nuna an ba ni hutu da ranar da zan dawo. Na sa kwafin wasiƙar marabar tawagar da shafin fasfon maigidana, don a ga dalilin tafiyar a fili, da shaidar masauki, da shaidar na sayi tikitin kallon wasan. Takardar da ba da Turanci aka rubuta ba sai an haɗa ta da fassarar da aka tabbatar. Na kuma rubuta gajeriyar wasiƙa da hannuna, na ce mijina zai yi wasa a ɗaki kaza daga rana kaza zuwa kaza, ni kuma zan je kallonsa in dawo wajen yarana da aikina. Ban yi wani ado a ciki ba. Abin da suke son ganewa shi ne wa zai ɗauki nauyin tafiyar, kuma me zai dawo da kai gida.

Ranar ɗaukar hoton yatsu ba ta da wani abin tsoro, jira ne kawai. An bincika jakata a ƙofa, aka ba ni lamba, na zauna cikin ɗalibai masu rungume da fayiloli, domin lokacin ya yi daidai da tururuwar masu tafiya karatu. Da aka kira ni, ma'aikaciyar ta duba takardun, ta ɗauki hotona da yatsuna goma, ta karɓi fasfo. Ba ta yi mini tambaya ko ɗaya kan dalilin tafiya ba, domin ba a nan ake yanke hukunci ba. Jiran da ya biyo baya ne ya fi ci mini rai. Bizar 'yan tawaga ta riga tawa fitowa, gida ya cika da lissafin akwatuna da nauyin kayan wasa, ni kuwa ina ta duba waya dare da rana. Ban sayi tikitin jirgi ba sai da fasfona ya dawo hannuna, duk da farashi yana ta hawa, kuma har yanzu ina ganin hakan ne daidai.

Masauki shi ne ya fi komai cin kuɗi, har ya fi jirgi idan mutum zai daɗe. A watan Agusta garin yakan cika maƙil, kuɗin ɗaki ya ninka, wanda ya yi jinkiri kuma ya rasa gaba ɗaya. Tawagar ta kama gida ɗaya ƙarami, mutum biyu ko uku a kowane ɗaki, falo kuma ya zama wurin ajiye kaya da gwaji. Babu inda za a sa ni, kuma ko da akwai bai dace in shiga tsakanin maza masu zaman aiki ba. Abin da ya cece ni ɗakunan kwanan ɗalibai ne, waɗanda jami'o'i ke ba da haya lokacin hutu. Ɗaki ne na mutum ɗaya, da gado da tebur da ɗan banɗaki, kicin kuma na haɗaka. Wasu suna fita wajen gari, irin su Musselburgh, inda jirgin ƙasa ke kawo su tashar Waverley da ke tsakiyar Edinbara cikin 'yan mintoci. Da na lissafa sai na ga ba zan iya zaman dukkan makonni ukun bikin ba, don haka na zaɓi tsakiya. Maigida ne ya ba da wannan shawarar. Ya ce kwanakin farko wasa bai gama zama a jikinsu ba, ana ta gyaran fitila da sauti, a makon ƙarshe kuma murya ta fara dushewa, kowa ya gaji.

Batun tikitin kallo ya ba ni mamaki. Tikitin kyauta da ake ba kowace tawaga ƙalilan ne, kuma suna adana su ne domin 'yan jarida da masu gidajen wasa da za su iya ɗaukar wasan zuwa wani gari. Katin da 'yan wasa ke ratayawa a wuya, wanda ke ba su damar shiga wasannin wasu a gidan idan akwai sauran kujera, na mai sunan ne kaɗai. Na sayi nawa da kuɗina, kuma na ji daɗin hakan, domin kowane tikiti yana shiga lissafin da ake yi musu a ƙarshe. Ƙananan wasanni irin nasu yawanci tsakanin fam 10 zuwa 15 suke, da ɗan ƙarin kuɗin sayarwa. Ana saye a shafin bikin ko manhajarsa, ko a ofishinsu da ke kan titin High Street, ko a gidan wasan kansa. Kujerun a rabe suke tsakanin ofishin bikin da gidan wasa, saboda haka in an ce sun ƙare a ɗaya a leƙa ɗayan. Kwanakin gwaji na farko suna da rahusa, sannan Litinin da Talatar farko wasanni da yawa suna sayar da biyu a kuɗin ɗaya. A kuma duba jadawali da kyau, domin tawagogi da dama suna ɗaukar hutun kwana ɗaya a tsakiyar wata. Abin takaici ne mutum ya keto duniya ya tarar ranar babu wasa.

Da na sauka, jami'in shige da fice ya tambaye ni abin da ya kawo ni da ranar komawata. Na ce kallon mijina na zo, zai yi wasa a biki. Ya duba takardar masauki da tikitin komawa, ya miƙo mini fasfo. Duk takardun da na nemi biza da su suna cikin jakar hannuna, kuma haka ya kamata. Na hau taragon da ke tashi daga filin jirgi, cikin kamar rabin awa ina tsakiyar gari. Bazararsu dai suna ce kawai. Zafin yawanci ba ya kai digiri 20, ga iska, ga yayyafi da ke zuwa ba sallama, don haka rigar ruwa da takalmi mai daɗin tafiya sun fi kayan ado amfani. Garin tudu da gangare ne, titunan tsohon gari kuma na duwatsu.

Maigidana bai zo tarbata ba, kuma mun riga mun yi magana a kan haka. A lokacin yana kan titin Royal Mile yana rabon takardun talla, domin haka kowace ƙaramar tawaga ke samun 'yan kallo, sai an tare mutane ɗaya bayan ɗaya an roƙe su. A can na fara ganinsa. Yana sanye da tsohuwar rigar da yake wasa da ita, ruwa ya jiƙa kafaɗunta, yana miƙa takarda yana murmushi, mutane suna wucewa kamar ba su gan shi ba. Wani ya karɓa, ya yi taku kaɗan ya jefa a kwandon shara. Na tsaya daga nesa, wani abu ya tokare mini maƙogwaro. Mutumin da a gida ake tashi a ba shi wuri ne yake ta bin baƙi da "don Allah". Da na matsa ya gan ni, fuskarsa ta washe, ya ce, "Sannu da hanya, Uwargida. Kin ga kasuwar tamu." Na so in karɓi rabin takardun in taya shi, amma na kame hannuna, domin bizata ba ta ba ni izinin aiki ba, kuma ban so in taɓa abin da zai yi kama da shi. Na riƙe masa lema, wannan dai ba wanda zai hana.

Kafin ranar kallo na je na gano gidan wasan da ƙafata, kuma ina ba kowa shawarar haka. Kowane gida yana da lamba a taswirar bikin, lambar ce abin riƙewa, ba suna ba. Manyan kamfanonin irin su Pleasance da Assembly da Underbelly da Gilded Balloon kowannensu yana da gine-gine a wurare daban-daban, a cikin kowane gini kuma ɗakuna barkatai. Sunayen wurare ma suna ruɗarwa: George Square daban, George Street daban, tsakaninsu tafiya ce mai ɗan nisa. Mai sallah kuma ya tsara lokacinsa, domin a farkon Agusta magariba tana kaiwa wajen ƙarfe tara na dare. Babban masallacin garin, wanda aka buɗe a 1998, yana Potterrow, dab da dandalin da gidajen wasa suka fi yawa, kuma akwai sashen mata. Ya kamata a sani kuma cewa kusan kowane gidan wasa yana da wurin sayar da barasa, wani lokaci ma layin shiga ta gabansa yake bi. Ni dai ina wucewa ne in kama layina.

Na isa da wuri na tsaya a layi. Ana jin tafin wasan da ke gaban nasu ta bayan ƙofa, domin ɗaki ɗaya wasanni da yawa ke amfani da shi tun safe har tsakar dare, kowa da sa'arsa. Da aka buɗe ƙofa mutane suka fito, sai ga 'yan tawagar sun taho a guje da kaya. Mintoci kaɗan ake ba su su kafa komai. Maigidana ya wuce ta gabana ɗauke da benci a kafaɗa, har rigarsa ta taɓa hannuna, bai ko ɗaga ido ba. Na ji zafin abin a raina. Daga baya ya ce mini wallahi bai gan ni ba, ya riga ya fara shiga jikin dattijon da zai zama. Wadda za ta je ta shirya wa wannan, ba wulaƙanci ba ne.

Wata matashiya ta duba tikitina a waya ta ce in shiga. Ɗakin ƙarami ne, an zagaye bangonsa da baƙin yadi, kujerun ba su wuce hamsin da 'yan kai ba, kuma babu lamba, kowa ya zauna inda ya samu. Ya riga ya roƙe ni kada in zauna a layin gaba, domin tsakanin layin da inda suke wasa bai fi taku biyu ba, in idonsa ya faɗa cikin nawa zai iya fita daga wasan. Na zauna can baya a gefe. Na ƙirga kawuna, ba mu cika rabin ɗakin ba, gabana ya faɗi. Aka yi sanarwa a kashe waya, ba a ɗaukar hoto, kuma wanda ya makara ba zai shiga ba. Da gaske suke, na ga an mayar da wasu a wata ranar. Sai fitilu suka mutu.

Wasan na wani dattijo ne mai gyaran rediyo, wanda ɗansa ya tafi ci-rani shekaru ba labari. Na san kowace kalma a cikinsa. Ni nake riƙe masa takarda a gida yana hadda, ni nake karanta maganar matar dattijon, har yara sun iya wasu wuraren. Na ɗauka babu abin da zai zo mini sabo. Da fitila ta haska sai na ga wani mutum zaune a kan benci, ya sunkuya a kan tsohuwar rediyo da aka ɗaure da roba, yana murɗa ta a hankali da yatsu biyu, kunnensa manne da ita. Bayansa ya ranƙwafa. Da ya miƙe sai ya dafa gwiwa da hannun hagu, ya ɗan tsaya kafin ya ɗaga ƙafa. Nan take na gane inda ya samo wannan tashin. Na marigayi mahaifinsa ne, sak, har da yadda yake shafa gemu da bayan hannu idan magana ta yi masa nauyi. Bai taɓa yin haka a gwajin gida ba, bai kuma taɓa gaya mini ba. Hawaye suka zubo mini tun ba a yi nisa ba.

Akwai wurin da dattijon yake karanta tsohuwar wasiƙar ɗansa. A gida da ƙarfi yake karanta ta. A nan sai ya sassauta murya har sai da kowa ya miƙa wuya, ya kai tsakiya ya tsaya, ya ninke takardar, ya ƙarasa sauran da ka, don a gane dattijon ya karanta ta har ya haddace. Ɗakin ya yi tsit, ana jin ƙarar fankar da ke sanyaya fitila. Wata dattijuwar Baturiya da ke kusa da ni ta ciro hankici tana share ido. Ba ta san shi ba, ba ta san ni ba, ba ta san mahaifinsa ba, amma abin ya kai mata. A lokacin na gane cewa duk shekarun da nake ganin yana fita gwaji da dare, ina haƙuri, wani lokaci ina ƙorafi, ban taɓa ganin aikin nasa a cike ba. Guntu-guntunsa nake gani. Sai da na zauna cikin duhu tare da baƙi, na biya kuɗina kamar yadda suka biya, sannan na gan shi.

Ba zan ɓoye wani abu ba, domin na san yana ran mata da yawa. Wata ce take fitowa a matsayin matarsa. Na santa, mutuniyar kirki ce, babu kuma wani abin da ya saɓa wa mutunci a wasan, amma da ta kawo masa ruwa ta kira shi da irin muryar da mace ke kiran mijinta, sai da zuciyata ta motsa. Abin da ya taimake ni shi ne mun zauna tun a gida ya nuna mini duk wuraren da suke tare, ya tambaye ni ko akwai abin da ban yarda da shi ba. Wannan zaman wajibi ne, kuma a yi shi kafin tafiya, ba a bakin ƙofar gidan wasa ba. A wani wuri kuma ya tsallake jimla biyu. Ni kaɗai na sani a cikin 'yan kallo, cikina ya ɗuri ruwa, amma abokiyar wasan ta ɗauko zaren ta ɗora kamar haka aka rubuta.

Aka yi tafi mai ƙarfi, wasu har da miƙewa. Suka rusuna sau ɗaya, ya yi godiya, ya roƙi wanda ya ji daɗi ya gaya wa wani. Kafin mu gama fita sun fara kwashe kaya, domin tawaga ta gaba tana tsaye a bakin ƙofa. Babu zancen bin sa bayan fage, wurin ma lungu ne da ake rabawa da wasu, kuma ba a barin wanda ba shi da kati. Na jira a waje kamar yadda muka yi alkawari. Da ya fito, gumi ya jiƙa shi sharkaf, furfurar da aka shafa masa tana bin gefen kunne, ya tsaya a gabana ya ce, "To, yaya?" Na ce, "Abban yara, na ga Baba." Ya yi shiru, ya kau da kai, ya daɗe bai ce komai ba. Ban ta da maganar jimlolin da ya tsallake ba, ya san da su fiye da ni, kuma gyara aikin darakta ne. Wanda ya sauko daga dandamali a buɗe yake, kalma ɗaya tana iya kwana da shi har wasan gobe.

Kwanakin da suka biyo baya sun nuna mini ɗayan ɓangaren. Masu sharhi na jaridu da shafukan intanet suna zuwa su ba wasa taurari, daga ɗaya zuwa biyar, in an samu masu kyau sai a buga a manna a jikin takardun talla. Jaridar The Scotsman ma tana da kyautar da take ba sababbin rubuce-rubuce tun 1973, kowa yana mafarkinta. Ranar da aka ce mai sharhi yana cikin ɗaki, babu wanda ya iya cin abinci. Da sharhin ya fito ya yaba wasan maigidana amma ya soki tsawon farkon labarin, gidan ya yi jugum. Wata rana kuma ruwa ya tsuge, 'yan kallo ba su kai yatsun hannu biyu ba, suka yi wasan da dukkan ƙarfinsu kamar ɗakin a cike yake. Na sake sayen tikiti na shiga ranar, kuma a ganina ita ce ranar da ya fi yin kyau. Lokacin da muke samu tare kaɗan ne, ɗan zama da safe kafin ya fita talla, da rakiya da yamma, yawanci ma a shiru saboda yana tattalin murya. Sauran lokacin nawa ne. Na kalli wasannin wasu da tikitin rabin kuɗi da ake sayarwa a ranar wasa, na shiga na kyauta inda ake tsayawa da bokiti a ƙofa ka jefa abin da ya sawwaƙa, na hau dutsen Arthur's Seat na hango garin. Da yamma a kiyayi saman Royal Mile idan ana sauri, domin masu zuwa kallon faretin sojoji a gaban fadar garin suna toshe hanya.

Kuɗi kuwa kada a sa rai. Yarjejeniyar da aka fi yi ita ce a raba cinikin tikiti, kashi 60 na tawaga, 40 na gidan wasa, amma da wani adadi da dole gidan ya samu ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Lissafin ba ya fitowa sai makonni bayan an tashi daga biki, kuma ƙananan tawagogi da yawa ba sa mayar da abin da suka kashe. Abin da suke nema shi ne a gan su, a rubuta game da su, wata ƙofa ta buɗe. Don haka kuɗin tafiyar mai rakiya ya fito daga wani wuri daban, a ware shi tun da wuri, kada ya zama abin da za a riƙa tunawa da shi ranar da ɗaki bai cika ba.

In zan taƙaita wa mai shirin tafiya, zan ce ta nemi bizarta da sunanta da gaskiyar dalilinta, ta fara da zarar wata ukun ya shiga. Ta kama masauki tun kafin wannan, wanda za a iya fasawa a dawo mata da kuɗi in biza ba ta fito ba. Ta sayi tikitin aƙalla kwana biyu mabambanta, domin a kallon farko fargaba ce take cinye rabin hankali, sai a na biyu ake ganin wasan sosai. Su yi magana tun a gida a kan inda za ta zauna, inda za su haɗu bayan an tashi, da ko yana so ya san ranar da take cikin ɗaki, domin wasu 'yan wasan sun fi son kada a gaya musu. Ta kuma tafi da abin da za ta yi da ranakunta, kada ta zauna jiran mutumin da bikin ya riga ya karɓe. Na riga su dawowa gida, su sai da suka yi wasan ƙarshe, suka kwashe kaya daga gidan wasan, suka miƙa makullin masauki. Na adana tikitin jirgina na dawowa tare da sauran takardun, domin shaidar mutum ya koma a kan lokaci tana da amfani ranar da zai sake nema.